Shimfiɗar gadon jariri: amsa ga yaron shagona

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa, da Hajiyar nan ta unguwar Aboabo a nan Kumasi ta kawo aikin shimfiɗar gadon jikanta, na karɓi ɗinkin katifa da zanin gado, amma na ƙi yin matashin kai da matasan da ake ɗaurawa a jikin sandunan gado, alhali ita da bakinta ta nema, kuma a nan ribar take. Tambayarka tana kan hanya, domin kana ganin irin waɗannan kaya a kasuwar Kejetia an haɗa su saiti guda da leshi da kwalliya, kuma mutane suna saye.

Jariri ɗan wata biyu ko uku ba shi da ƙarfin wuyan da zai kawar da fuskarsa idan hancinsa ya nutse cikin abu mai laushi. Babba yakan juya ba tare da ya farka ba, shi kuwa sai ya yi ta shaƙar numfashin da ya fitar, kuma ba lallai ne ya yi kukan da zai tashi uwarsa ba. Mutuwar farat ɗaya da ke samun jarirai cikin barci ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce a kwantar da jariri rigingine a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta karkata ba, kuma kada a bar matashi ko bargo ko 'yar tsana a gadon har ya cika shekara. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar da ta haramta sayar da waɗannan matasan gefen gado a can. Ni ba sai an kafa mini doka ba kafin in daina ɗinka abin da na san yana iya toshe numfashin ɗan wani.

Gwanintar aikin tana wajen katifa. Ka sayi soso mai ƙarfi, ka danna shi da tafin hannu, ka ɗaga. Idan ya dawo nan take, ya yi. Idan shatin hannunka ya tsaya, ka ajiye shi don kujera. Audugar rimi da iyayenmu suka saba cusa wa katifa tana da daɗin kwanciya ga babba, amma takan tattare gefe ta bar rami a tsakiya, daidai inda kan jariri yake, don haka ba na amfani da ita a wannan aiki ko da mai kaya ta roƙa. Kaurin katifar kada ya wuce inci 6, domin idan yaro ya fara miƙewa tsaye, katifa mai tudu tana rage masa tsawon sandunan da ke tare shi.

Awo kuwa, kada ka taɓa karɓarsa ta waya. Gadajen da ake shigowa da su daga Turai yawanci santimita 60 a 120 ne ko 70 a 140, amma kafintocinmu na kasuwar katako ta Sokoban kowa da girman da yake bugawa. Ka ɗauki tef ka je da ƙafarka, ka auna cikin gadon a wuri fiye da ɗaya, saboda katako ba kullum yake fita daidai ba. Idan ka saka katifar, ka tura yatsunka tsakaninta da jikin gado. In fiye da yatsu biyu suka shiga, aikin bai yi ba, domin a irin wannan tazara ce fuska ko hannu ke maƙalewa. Tunda kana wurin, ka duba sandunan ma: tsakanin kowace biyu kada ya wuce santimita 6. Wannan aikin kafinta ne, amma idan ka ga kuskure ka yi shiru, da kai a ciki.

Akwai abin da ke damuna a gidajenmu na Zango, wato barin ledar da katifa ta zo da ita wai don gudun fitsari. Siririyar leda tana manne wa fuska, kuma tana tara zufa. Ka ɗinka wa katifar riga da yadin da ruwa ba ya ratsawa, ta kama ta tsam. A kanta sai zanin gado na auduga zalla, wanda ka wanke kafin ka yanka saboda auduga tana tsukewa, ka zurfafa kusurwoyinsa, ka zagaye bakinsa duka da roba. Ka ja shi daga tsakiya ka gani. In kusurwa ta fita, ka warware ka sake. Ka yi uku ko huɗu, don uwa ta sami na canji.

Za a ce maka sanyin hunturu fa? A nan Kumasi sanyin asuba ne kawai, kuma zafi da yawa ma haɗari ne ga jariri. Maimakon bargo, muna ɗinka 'yar rigar barci mai kamar buhu, mai wuya da hannu daidai jikinsa, wadda ba za ta hau fuskarsa ba. Gidan sauro kuwa dole ne, domin zazzaɓin cizon sauro ba wasa ba ne, kuma ana ba masu ciki gidan sauro mai magani a wajen awon ciki. A rataye shi sama, a ja shi ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, igiyoyinsa kuma su yi nesa da hannun yaro.

Hajiya ba muguntar jikanta take nufi ba, so take a ga gadon ranar suna a yaba, don haka kada ka yi mata gardama. Na riga na gaya mata cewa leshin nata zai tafi a siket ɗin da ke sauka daga ƙarƙashin katifa zuwa ƙasa, da labulen ɗaki, ta kuma amince. Gobe da safe ka wuce gidan ka auno gadon kafin mu yanka soso.