Amsar tambayar Yaya kan hoton zuciyar Mama

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonki. Kin ce an yi wa Mama hoton zuciya, eko, aka ce faɗin ɗakin zuciya na hagu na ƙasa santimita 5.5 ne, likita ya ce ya buɗe, alhali na maigidanki ma 5.5 ne aka ce masa lafiya lau. To ba son kai likitan ya yi ba, wallahi.

Ma'aunin namiji daban, na mace daban. Wannan ɗakin da ke harba jini zuwa jiki, a namiji ana ganin daidai ne daga santimita 4.2 zuwa kusan 5.8. A mace kuwa daga 3.8 ne zuwa 5.2. Kin ga ke nan 5.5 ɗin Mama ya ɗan haura, shi kuwa yana cikin iyaka. Shi ya sa ma ake auna tsayi da nauyin mutum kafin a yanke hukunci, don takalmin da ya yi wa ƙato daidai, ƙaramar mace ninkaya za ta yi a ciki.

Sannan ga shekaru. Mutum in ya manyanta, cikin ɗakin nan raguwa yake yi, bangonsa ya yi kauri, musamman in akwai hawan jini. Ɗakin hagu na sama ne ke ƙara faɗi. Saboda haka dattijuwa mai shekara kusan 70 a ce ɗakin ƙasa ya buɗe, dole a nemi dalili.

Dalilin kuma sau da yawa daga bawul ne. Guda 4 ne a zuciya, suna hana jini komawa baya. Da tsufa suna yin tauri, sinadarin kalsiyam ya taru a kansu. In ɗaya daga cikin na hagun yana yoyo, jini na dawowa, ɗakin sai ya yi ta buɗewa. A nan wajenmu kuma akwai bawul ɗin da ciwon maƙogwaro na yarinta ke lalatawa, ya fi kama mata, wasu sai sun yi ciki ake ganewa.

Don haka ki koma da takardar, ki tambayi likita ko bawul ɗin na yoyo da kuma ƙarfin bugun. Ki tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiyan, kar ki ɓoye. In ƙafa ta kumbura ko ta kasa kwanciya sai da filo biyu uku, kar a jira ranar asibiti. Allah ya ba ta lafiya, a gaishe ta.