Ɗana sai kwance rediyo, amma kimiyyar aji ba ya so

Tambaya: Anti sannu da aiki. Ɗana shekararsa 11, duk tocila ko rediyon da ya gani sai ya kwance, amma a aji ba ya ko son jin kimiyya, in hana shi ne in sa shi lesin?

Amsa: Kai 'yar uwa kar ki hana shi dan Allah, ai wannan kwance-kwancen shi ne kimiyyar, yaro da ya haɗa waya da batir da hannunsa kwan fitila ya kama, ranar da malami ya zana wannan a allo ba baƙon abu ba ne gare shi, kuma galibi daga irin nan ne yaro ke fara cewa ni injiniya zan zama. Michael Faraday fa, babban masanin kimiyyar nan na Ingila, makaranta kaɗan ya yi, a shagon ɗinkin littattafai a Landan yake karanta abin da aka kawo ɗinki, a 1812 ya je sauraron laccar masanin kimiyya Humphry Davy, daga baya Faraday ɗin ne ya gano yadda maganaɗisu ke samar da lantarki. William Kamkwamba na Malawi ma a laburare ya ga hoton injin iska mai samar da lantarki, ya haɗa nasa yana ɗan shekara 14.

Lesin ba laifi, lissafi dai dole ne. Amma ki ware masa matattun kaya nasa, na batir kawai banda na soket, in ya kwance ki ce ya nuna miki aikin kowane ɓangare kafin ya mayar.