Tambaya da Amsa: Ta Yaya Zan Tabbatar wa Hukumar Birtaniya Cewa Aurena na Gaskiya Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara. An ɗaura mini aure da ɗan yayar mahaifiyata bayan Babbar Sallar 2021. Shi yana aiki a Ingila shekara da shekaru, kuma ya samu izinin zama na dindindin. Ya zo biki ya yi mako uku ya koma, bayan haka ya sake zuwa sau biyu, Allah kuma ya azurta mu da ɗa namiji. Yanzu yana so ya nema mini biza in bi shi, sai aka ce dole mu kawo hujjar cewa aurenmu na gaskiya ne. Abin da ke hannuna shi ne katin gayyata, da takardar da limamin unguwarmu ya rubuta, da hotunan kamu da na walima. Ba ni da hoto ko ɗaya a wurin ɗaurin aure, kuɗin cefane kuma ta asusun yayana yake aiko mini. Wani mai cika wa mutane takardu a Gusau ya ce Turawa ba su karɓar auren masallaci, don haka mu yi auren rajista a mayar da kwanan watan baya, mu ɗauki hotuna da farar rigar amare, shi kuma ya tsara mana saƙonnin soyayya da Turanci. Hankalina bai kwanta da wannan shawara ba. Mene ne mafita?

Daga wata baiwar Allah, Ƙaura Namoda

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya yaron, ya kuma sada ki da maigidanki cikin alheri. Rashin kwanciyar hankalin da kika ji yana kan hanya, domin shawarar mutumin nan ita ce mafi saurin abin da zai rushe miki neman da a yanzu yake da ƙarfi. Aurenki na gaskiya ne, da waliyyi da shaidu da sadaki, har da ɗa a tsakani. Ranar da kika ɗora takardar da aka sauya wa kwanan wata a kan wannan gaskiya, kin ba jami'in da ke duba takardunki dalilin ƙin ba ki biza, kuma tabon yaudarar zai zauna a tarihinki ya riƙa fitowa duk lokacin da kika sake nema. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a wurin mutanen da aikinsu na kullum shi ne gwada kwanan wata da kwanan wata.

Bizar ma'aurata ta Birtaniya tana ƙarƙashin wani sashe na dokokin shige da fice da ake kira Appendix FM, wanda ya fara aiki a watan Yuli na 2012. Game da auren kansa, abin da sashen yake nema shi ne ku duka biyu kun kai shekara 18, kun taɓa haɗuwa ido da ido, auren halattacce ne a doka, duk wani aure da ɗayanku ya yi a baya ya ƙare, zaman auren na gaskiya ne kuma yana nan da ransa, sannan kuna da niyyar zama tare a can. Babu inda aka ce sai auren rajista. Ƙa'idar da Birtaniya ke bi ita ce, auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi ya inganta a wurinsu, Najeriya kuwa ta amince da aure iri uku: na rajista, na gargajiya, da na Musulunci. Auren zumunci ma ba laifi ba ne a dokarsu, saboda haka kada ku ɓoye cewa ku 'yan'uwa ne. Ku faɗa da kanku, domin jagorar da ake ba jami'an ta umarce su da su yi la'akari da al'ada da addini, ta kuma san da auren da iyaye suke haɗawa.

Auren rajista kuwa, wanda mutanenmu ke kira auren kotu, ba abin da za a faɗa cikinsa don neman takarda kawai ba ne. Aure ne na mace ɗaya, kuma babbar kotu ce kaɗai ke iya raba shi. Wanda ya zaɓe shi da saninsa, ya rubuta ainihin ranar da aka yi, bai yi laifi ba, amma ke ba ki da buƙatarsa. Abin da kike buƙata shi ne takardar shaidar aure mai hatimin hukuma. Ki sa mahaifinki ko wanda ya yi miki walicci ya ɗauki takardar liman, tare da biyu daga cikin waɗanda suka halarci ɗaurin auren, su je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku a ba ku shaida mai ɗauke da sunayenku, da sunan waliyyi, da na shaidu, da adadin sadaki, da ainihin ranar da aka ɗaura. Idan ranar bayar da takardar ta zo shekaru bayan ranar auren, wannan ba aibi ba ne, ku bar ta yadda take ku yi bayani. Takardar liman ta asali ma ku haɗa da ita. Idan da Hausa ko Larabci ko ajami aka rubuta ta, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa cikakken sunansa da sa hannunsa da kwanan wata da adireshinsa, ya kuma tabbatar a rubuce cewa fassarar daidai take.

Na fahimci damuwarki a kan hoton ɗaurin aure, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani irin na wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Jami'in da zai buɗe takardunki zai ga hoton maza zalla zaune kan tabarma a ƙofar masallaci, ga tiren goro da alewa, ga liman ya ɗaga hannu ana fatiha, amarya kuwa ko inuwarta babu. Mu mun san cewa kina cikin gida tare da ƙawayenki, lalle bai gama bushewa a ƙafarki ba, kina jiran a shigo a ce an ɗaura. Shi bai sani ba sai an gaya masa. Maganin wannan shi ne wasiƙar bayani gajeriya, shafi ɗaya ko biyu, wadda za ta ce a al'adarmu wakilin ango ne ke neman aure, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, mace kuma ba ta halartar wurin. Daga nan sai ku jera hotunan yadda abin ya gudana, daga kai lefe zuwa kamu, ɗaurin aure, kai amarya da walima, kowanne da rana da wuri da bayanin waɗanda ke ciki. Hoto goma sha biyar da aka yi wa bayani ya fi ɗari biyu da aka zuba barkatai. Hoton farar riga da za a ɗauka yau a ce na 2021 ne kuwa, fuskarki kaɗai ta isa ta ƙaryata shi idan aka ajiye shi kusa da na kamu.

Sai dai ki sani cewa hotunan biki suna nuna an yi biki ne kawai. Abin da ya fi nauyi a wurinsu shi ne shaidar cewa auren yana raye daga ranar zuwa yau, kuma sun fi amincewa da takardun da suka fito daga hukuma ko banki ko asibiti a kan waɗanda mutum zai iya haɗawa da kansa. Babbar hujjarki tana goye a bayanki. Takardar haihuwar yaron daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mai ɗauke da sunanki da na mahaifinsa, tare da katin awon ciki da na rigakafi, sun fi duk saƙon soyayyar da wani zai tsara muku. Bayan ita sai hatimin shiga da fita a fasfon maigidanki da tikitocin jirginsa na zuwa uku da ya yi, waɗanda za su nuna cewa ranar ɗaurin aure yana Najeriya, kuma lokacin samun cikin ya dace da zuwansa.

Maganar kuɗi tana buƙatar gyara tun daga wannan watan. Abu ne sananne a wajenmu miji ya riƙa aika kuɗi ta hannun wa ko ƙane ko mai shagon cire kuɗi na unguwa, amma a takarda abin da zai bayyana shi ne yana tallafa wa yayanki, ba ke ba. Ki buɗe asusu da sunanki kamar yadda yake a fasfo, ya koma aikowa ta nan. Na baya kuma kada a watsar da shi: yayanki ya ciro bayanan asusunsa, ya rubuta cewa kuɗin naki ne yake karɓa, ya sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa.

Haka nan hirarku ta waya. Na san da yawa daga cikin matanmu ba su kiran sunan miji, a waya ma an ajiye shi da Maigida ko Abban wane, kuma yawancin maganar saƙon murya ce da kiran bidiyo, ba rubutu ba. Wannan bai rage komai ba, muddin lambarsa ta Ingila tana bayyana kuma kun faɗi dalilin laƙabin. Ku ɗauki hoton jerin kiraye-kirayen WhatsApp da 'yan saƙonni daga kowane wata, a ga ana magana ba yankewa, a fassara waɗanda aka zaɓa. Saƙon da ke cewa yaro ya kwana da zazzaɓi an kai shi asibiti, ko buhun shinkafa ya ƙare, ko Inna tana gaishe ka, ya fi kama da aure a kan kalaman da aka aro. Sirrin da ke tsakanin miji da mata kuwa babu mai neman ku tona shi, kuma bai kamata ku miƙa shi ga mai shagon intanet ba. Wani abu da ya shafe ku ku mutanen Zamfara shi ne katse layukan sadarwa da aka yi a farkon Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, wanda a wasu yankunan ya haura wata biyu. Wannan ya faɗo ne jim kaɗan bayan bikinku, don haka idan akwai giɓi a hirarku a lokacin, ku ambaci dalilinsa a wasiƙar.

Inda na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Mace ɗaya ce, a katin gayyata Indo, a takardar makaranta A'ishatu, a fasfo kuma an rubuta wani salon, shekarar haihuwa ta lambar ɗan ƙasa daban da ta takardar haihuwa. Ki baje duk takardunki a kan tabarma ki bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda za a iya gyarawa a gyara a hukumar da ta bayar, wanda ba zai gyaru ba a yi masa takardar rantsuwa a kotu kafin a cika fom. Ku kuma zauna ke da maigidanki ku daidaita ranaku, domin wani lokaci ana kiran ma'aurata a yi musu tambayoyi, kuma mu da muke lissafi da Sallah da azumi da damina muna iya faɗin watanni mabambanta alhali abu ɗaya muke nufi.

Ingancin aure ba shi kaɗai ake dubawa ba. Tun daga 11 ga Afrilu 2024, sai mai ɗaukar nauyi, wato maigidanki, yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, a maimakon fam 18,600 na da, kuma zai nuna takardun albashi da na banki na wata shida da wasiƙar wurin aikinsa, da shaidar muhallin da za ku zauna. Ke kuma za ki ci jarrabawar Turanci ta magana da saurare a matakin farko da ake kira A1, ki yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na Abuja ko Legas, wanda takardarsa ke aiki wata shida, sannan a ɗauki hoton yatsunki a cibiyar karɓar takardun biza. Bizar farko ta wata 33 ce. Yaron ma yana da nasa neman, sai dai idan mahaifinsa ya riga ya zama ɗan ƙasar Birtaniya kafin a haife shi. Idan an ƙi, kuna da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, kuma a wannan matakin ya kamata maigidanki ya nemi lauya mai lasisi a can.

TAMBAYA

Malam, ina da mata biyu. Uwargida tana tare da ni a Ingila, amarya kuma tana Talata Mafara. Wani ya ba ni shawarar in rubuta cewa na saki uwargida don in samu kawo amarya. Ya halatta?

Daga wani bawan Allah, ɗan Talata Mafara mazaunin Ingila

AMSA

Malam, kada ka kusanci wannan shawara. Dokar Birtaniya ba ta ba mace bizar matar aure idan mijinta yana da wata matar da ta riga ta shiga ƙasar a matsayin matarsa kuma aurensu yana nan, ko da auren biyu halattacce ne a Najeriya. Rubuta sakin da ba ka nufa yaudara ce a wurin hukuma, kuma yana iya jefa izinin zaman uwargida cikin haɗari idan a kan aurenka take zaune. Ta fuskar addini kuma, saki ba abin wasa ba ne, malamai sun yi bayani cewa yana aukuwa ko da wasa aka furta shi, don haka kana iya raba aurenka da hannunka kana zaton takarda kawai ka cika. Ka tuntuɓi lauyan shige da fice mai lasisi ka faɗa masa halin da kake ciki ba tare da ɓoye komai ba, ka kuma zauna da malami a kan yadda za ka raba kwana da ciyarwa tsakanin matanka alhali ɗaya tana Ingila ɗaya tana gida.