A Jikin Na'ura Ake Cin Riba Ko A Abin Da Ake Zuba Mata?

Ɗana, ranar Laraba da yamma, bayan mutumin nan ya ɗauki tabilet ɗinsa na Amazon ya tafi ba tare da an gyara ba, ka tambaye ni dalilin da ya sa kuɗin canza masa gilashin da yaronsa ya fasa ya kusa kamo kuɗin sabo, alhali iPhone ɗin da muka yi wa irin wannan aiki da safe kuɗin gyaranta bai je ko kusa da kuɗin sayenta ba. Ka ce kana zargin ɗayan biyu: ko dai masu sayar mana da kayan gyara suna tsuga mana kuɗi, ko kuma tun asali da kayan banza aka haɗa na'urar. A lokacin shago ya cika, ban samu sukunin ba ka amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar da ake bayarwa a tsaye da sukurudireba a hannu.

Duk zarge-zargen naka biyu ba su faɗa daidai ba. Kuɗin gilashin yana kan ƙa'idarsa. Abin da ya kauce wa ƙa'ida shi ne farashin sabon tabilet ɗin, domin da gangan kamfanin ya danne shi. A shekarar 2011 Amazon ya fito da tabilet ɗinsa mai suna Kindle Fire a kan dala 199, a lokacin da iPad mafi araha yake dala 499. Masu aikin warware na'urori su ƙiyasta kuɗin kowane ɓangare, wato irin aikinmu ne amma da alƙalami, sun lissafa cewa haɗa ta yana cin kamar dala 202. A shekarar 2012 kuma mai kamfanin, Jeff Bezos, ya gaya wa BBC da bakinsa cewa a kan uwar kuɗi suke sayar da na'urorin, kuma burinsu su ci riba lokacin da mutum yake amfani da na'urar, ba lokacin da ya saye ta ba. Saboda haka duk wanda ya sayi sabuwa ya samu kayan a farashin masana'anta, amma mu da za mu sayi gilashi guda ɗaya daga hannun ɗan sari, wanda shi ma ya biya jirgi da kwastan ya ɗora ribarsa, babu wanda zai yi mana wannan rangwame.

Ka san firjin nan da kamfanonin lemo suke ajiye wa masu shaguna, mai ɗauke da tambarinsu, da sharaɗin kada a sa lemon kowa a ciki sai nasu. Ba don ƙaunar mai shago suka ba shi ba. To, tabilet ɗin nan firjin Amazon ne a ɗakin mai saye. Idan ka kunna shi ba za ka ga Play Store ba, rumbun manhajojin Amazon za ka gani, da littattafansa da fina-finansa, kuma a kan nau'in da ya fi araha talla ce take fara yi maka sallama tun kafin ka buɗe makulli.

Dalilin da ya sa kamfani zai yarda ya yi haka yana cikin bambancin kayan biyu. Kowace na'ura guda sai an saya mata gilashi da batir da bodi, an biya wanda zai haɗa, an sa a kwali, an ɗauko a jirgi, an ajiye a sito, kuma idan ta kwana wata shida ba a saya ba darajarta ta ragu, kamar yadda kake gani a wayoyin da suka yi kwantai a kantar maƙwabtanmu. Ta miliyan ɗaya ma sai an kashe mata kuɗi kamar ta farko, ko da an samu ɗan sauƙi saboda yawa. Wasan kwamfuta ko littafi ko waƙa kuwa, kwafin farko ne yake lashe dukiya. Na biyu da na miliyan goma ba su cin komai sai ɗan kuɗin ajiya da na turawa ta intanet. Ba ya ruɓewa, ba ya fashewa a hanya, ba ya ƙarewa a sito. Wanda ya mallaki ƙofar da ake bi a sayi irin wannan haja ya samu kasuwar da babu kamarta, kuma na'urar da ke hannun mai saye ita ce ƙofar.

Inda wannan dabara ta fi fitowa fili shi ne na'urorin wasa, waɗanda kai ka fi ni son taɓawa. Lokacin da Sony ya fito da PlayStation 3 a ƙarshen 2006, ya sayar da ita dala 499 da dala 599, alhali an ƙiyasta kuɗin haɗa kowacce ya haura dala 800. Wato a kan kowane kwali da ya fita, kamfanin yana cika fiye da dala 200 daga aljihunsa. A shekarar 2021, a shari'ar da kamfanin wasanni na Epic Games ya yi da Apple a Amurka, wata babbar jami'ar Microsoft mai suna Lori Wright ta ba da shaida cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da na'urarsu ta wasa, Xbox, ita kanta ba. Abin da suke ci shi ne la'adar kashi 30 cikin ɗari a kan wasannin da aka saya a rumbunsu, da kuɗin wata-wata na masu wasa ta intanet, da ribar wasannin da su kansu suka yi. Mutum ɗaya zai riƙe na'ura shekara shida ko bakwai yana sayen wasa, kuma a cikin waɗannan shekaru kuɗin kayan haɗi yana sauka, har faɗuwar farko ta koma riba. PlayStation 5 mai cin faifai ta fito a Nuwamban 2020, kuma kafin shekara ta zagayo Sony ya sanar cewa ya daina faɗuwa a kanta.

Ka lura da wani abu a nan. A ranar da ta fito, mai cin faifai dala 499 ce, marar faifai kuma dala 399. Na'urar karanta faifai ba ta kai dala 100 ba, to me ya kawo wannan tazara? Faifai ana aronsa, ana musayarsa, ana sayar da shi na hannu sau biyar a kasuwa, kuma a duk wannan ciniki ko sisi ba ya shiga aljihun kamfani. Wanda ya sayi marar faifai kuwa ya rufe wa kansa duk waɗannan hanyoyi, dole kowane wasa ya saye shi a rumbun Sony a farashin da aka yanka. Wannan ne kuma dalilin da ya sa suke yaƙi tuƙuru da masu fasa makullin na'ura su loda wasanni kyauta, suna toshe ƙofa da kowane sabon sabuntawa, suna korar na'urar da suka kama daga hanyar sadarwarsu. A wurinsu, na'urar da aka fasa firji ne da aka cika da lemon wani. Na san samari suna zuwa suna roƙonka wannan aiki idan ba na nan. Matsayina bai canza ba, ba ma yin sa a shagon nan.

Apple ya biyo ta ɗaya hanyar, kuma shi ya sa lissafinka na safe ya bambanta da na yamma. Lokacin da ya buɗe kantin waƙoƙi na iTunes a 2003, yana sayar da kowace waƙa santi 99, wato kusan dala ɗaya, mafi yawan kuɗin yana tafiya ga masu waƙar, kuma shekaru da dama kamfanin yana cewa kantin kansa kawai yake riƙewa. Waƙar ce tallar, na'urarsa ta sauraron waƙa mai suna iPod ce hajar. Har yau a jikin ƙarfe yake fara cin ribarsa: a shekarar kuɗinsa ta 2024 ya yi cinikin dala biliyan 391, kuma iPhone kaɗai ta kawo kimanin biliyan 201. Saboda farashin sabuwar wayar yana ɗauke da riba mai kauri, kuɗin gilashi yakan zama ƙarami idan aka jera su, sai gyara ya zama abin da hankali zai ɗauka.

Sai dai kada ka ɗauka Apple ya bar wa wasu ɗaya kasuwar. A shekarar kuɗin ta 2024 dai, abin da yake kira hidimomi, wato la'adar App Store da kuɗin ajiya na iCloud da na waƙa da makamantansu, ya kawo kimanin dala biliyan 96. Kwata ne kawai na cinikin, amma ga inda maganar take: a cikin kowace dala 100 ta na'urori, kimanin 37 ce take saura bayan an cire kuɗin haɗawa, a hidimomi kuwa kusan 74 ce take saura. Idan ka buga lissafin za ka ga wannan kwatan ya kawo kusan kashi 40 cikin ɗari na ribar. A ciki har da kuɗin da Google yake biya domin ya zama shi ne injin binciken da wayar take buɗewa da kanta, wanda takardun kotu a Amurka suka nuna ya kai dala biliyan 20 a 2022. Rigimar Epic ma a kan la'adar App Store ta kashi 30 ta taso a 2020, kuma daga farkon 2021 Apple ya rage ta zuwa kashi 15 ga ƙananan masu manhaja da cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. A ganina Apple ne ya fi kowa iya ciniki a cikinsu, domin ya sayar maka da firjin da riba sannan ya ci la'ada a kan lemon.

Dabarar danne farashi ba kullum take biya ba. Amazon ɗin nan ya gwada waya mai suna Fire Phone a 2014, mutane suka ƙi ta, ya yi asarar dala miliyan 170 a kan kayan da suka yi kwantai da alkawuran da ya ɗauka wa masu kawo masa kayan haɗi. Kamfanin Xiaomi na China ya tsaya a tsakiya: a 2018 shugabansa Lei Jun ya yi alkawarin ribarsu a kan na'urori ba za ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba, sauran a talla da manhajoji za su neme ta.

A nan gida lissafin yana da ɗan bambanci, domin mafi yawan masu shigowa shagonmu ba sa sayen manhaja ko littafi da katin banki. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, a kan yawan wayoyin da yake sayarwa ya dogara, amma shi ma bai bar ƙofar a banza ba. Manhajar waƙa ta Boomplay a wayoyin Tecno ta fara fitowa a 2015, tana zaune a ciki tun daga kwali. Manhajojin nan da masu waya suke cewa ka goge musu, wasu su gogu wasu su ƙi, da yawansu wurin zama aka tanadar musu don su kawo kuɗi. Dikodar tauraron ɗan'adam ma haka take: ana yi mata araha, wani lokaci har da faranti da kuɗin wata ɗaya a ciki, domin an san a biyan wata-wata za a fanshe.

Ka tuna ƙaramar firintar da malamin makarantar nan ya kawo bara, yana cewa ta daina bugawa alhali ya cika mata tawada da sirinji. Na ciro katirij ɗin na nuna maka ɗan guntun ƙarfe mai ruwan zinariya a gefensa, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba. Shi ne yake ƙirga abin da aka buga, ya gaya wa firinta tawada ta ƙare ko da tulun a cike yake. Babu abin da ya lalace a jikinta. Da na gaya masa kuɗin katirij biyu na asali, sai ya yi shiru ya ce ai ya kusa kuɗin da ya sayi firintar gaba ɗaya. Na ce masa haka aka tsara ta, kuma tunda takardun jarrabawa yake bugawa da yawa, gara ya tara kuɗi ya sayi mai tankin tawada, wadda take da tsada a ranar saye saboda masu ita sun ɗauki ribarsu tun a kanta.

Ga abin da nake so ka riƙa yi a kan tebur. Kafin ka kwance sukuru ɗaya, ka fara duba farashin sabuwar na'urar a ranar, ka jera shi da kuɗin kayan gyara da ladan aikinmu, ka gaya wa mai kaya duka biyun. Idan iPhone ce, ka sanar da shi tun farko cewa a sababbin nau'o'i, idan aka sa batir ko gilashin da wayar ba ta tantance ba, za ta rubuta saƙo a cikin saitinta, domin kada ya dawo gobe yana cewa mun cuce shi. Idan na'urar wasa ce ta hannu, ka tambaya ko wasannin da ke ciki a kan asusun wa suke, domin wasan da aka saya ta intanet yana bin asusu ne, kuma ranar da tsohon mai ita ya janye asusunsa sabon mai ita zai wayi gari da kwali babu komai.

Shi kuma mai tabilet ɗin ya ce zai dawo ranar Asabar. Idan ya zo ba na nan, ka tambaye shi abin da yaron yake yi da shi. Idan karatu da kallo ne a kan abubuwan da aka riga aka saya a asusun Amazon ɗinsu, ka nuna masa cewa duk suna nan a asusun, sabon tabilet zai sauke su ba tare da ya sake biya ba. Idan kuwa manhajojin Play Store yake nema, ka ba shi shawarar ya sayi tabilet na Android na gama-gari, mu kuma mu sayi tsohon a hannunsa, domin batir da bodinsa lafiyarsu ƙalau kuma za su yi mana amfani.