Tambaya da Amsa: Sarauta da Zinariyar Mutanen Muisca

Tambaya: Malam, na ji an ce mutanen Muisca na ƙasar Kolombiya ne tushen labarin sarkin nan da ake shafe wa jiki da garin zinariya. Shin sarki ɗaya ke mulkinsu, kuma ina suke haƙo zinariyar?

Amsa: Ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. A zamanin da, a kan tudun da birnin Bogota yake a yau, sarki mai laƙabin Zipa ke riƙe da kudu daga garin Bacata, mai laƙabin Zaque kuma na riƙe da arewa daga Hunza, wato Tunja ta yanzu. Babban malamin addininsu, Iraca, yana zaune a Sugamuxi inda ɗakin bautar rana yake. Kowane babba yana da hakimai da ke kai masa gaisuwa ta mayafan auduga da aikin gayya. Gadon sarauta kuwa ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar'uwar sarki ke hawa, ɗan cikinsa sai kallo. Kafin naɗi ana killace magajin shekaru, a hana shi gishiri da barkono.

Zinariya kam sayo ta suke yi daga maƙwabta, musamman na kwarin kogin Magdalena. Abin da suke da shi gishiri ne, a Zipaquira da Nemocon. Sukan ɗebo ruwan gishiri daga maɓuɓɓuga su zuba a tukwanen ƙasa, a hura wuta ana ƙara ruwa har ya daskare ya zama dunƙule, sannan a fasa tukunyar a ciro shi. Kowace dahuwa sai ta ci tukwane, don haka magina ba sa rasa aiki. Irin waɗannan dunƙulen ne Gonzalo Jimenez de Quesada, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya gani a hanya, ya bi sawunsu har ya iso tudun a 1537 da mutum kusan 170. Rashin jituwar Zipa da Zaque ya ba shi damar cin su ɗaya bayan ɗaya, ya kafa Bogota a 1538.

Batun wankan zinariya kuwa, bikin naɗin sarki ne a tafkin Guatavita. A 1969 an tsinci ɗan ƙaramin kwale-kwalen zinariya da ake ganin yana nuna wannan bikin a wani kogo a Pasca, tsawonsa kusan santimita 20, sarki a tsakiya, fadawa kewaye da shi. Yana nan a gidan tarihin zinariya na Bogota.