Kar ka bari a rufe ramin kafin ka gwada

Ka tambaye ni yadda za ka yi da mutumin da babban bututun banɗakin gidansa ya lalace, ga biki za su yi mako mai zuwa, yana ta matsa maka a gama kafin baƙi su iso. Zauna ka ji, ɗana, don tambayar nan taka ta fama mini tsohon miki.

Wani mai hali ya taɓa zuwa wurina hankalinsa a tashe. 'Yarsa zai aurar, banɗakunan gidan duk sun toshe, ƙazanta na dawowa ta cemba, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake duba bututu ta ciki. Da muka haƙa sai muka tarar da tsohon bututun siminti ne, saiwar bishiya ta kutsa ta mahaɗa ta cika shi tam, wani wurin kuma ƙasa ta zauna, bututun ya yi ciki, ruwa na kwana a nan. Na ce masa babu maganar faci, sai canji. Ya amince, ya ba da kuɗin kaya da rabin kuɗin aiki, yana ta roƙona in rufa masa asiri.

Na rufa masa kuwa. Har da fitila muka yi aiki. Na shimfiɗa yashi santimita 10 a ƙasan ramin, na kwantar da fayif ɗin roba na PVC mai inci 4, gangara 1 cikin 40, wato kowace mita ka sauka santimita 2.5. Aiki ne da ko yau aka tono shi ba zan ji kunya ba. Da zan tafi na ce masa kar kowa ya taɓa ramin, da safe zan toshe ƙarshen bututun in cika shi da ruwa in ga ko akwai yoyo, sannan in rufe da yashi da hannuna.

Da safe na iso, babu rami. Cikin dare ya ɗauko leburori suka antaya ɓaraguzan bulo da duwatsu a kan fayif ɗin, suka baje ƙasa, wai nan motocin baƙi za su tsaya. Na yi magana, ya ce na cika tsoro. Ranar bikin motar da ta kawo kujeru ta hau wurin. Kafin yamma ƙazanta ta ɓullo a tsakar gida, a gaban jama'a.

Ka san abin da ya ce? Wai fayif mara kauri na saya na soke canjin a aljihu. Ni! Na koma na tono wurin a gabansa, na ɗago masa gutsuren bulon da ya huda bututun, har yanzu yana maƙale a jiki. Ya kau da kai. Ragowar kuɗina bai biya ba har gobe, kuma ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, sunana da ya ɓata ne. Na daɗe ba a kira ni aiki a wannan yankin ba.

Don haka kai kar ka fasa tsohon layi ranar farko. In akwai fili, haƙa sabon rami a gefensa, iyalin gidan su ci gaba da lallaɓa banɗaki ɗaya. Sai ka gama shimfiɗa, ka gwada da ruwa, sannan ka yanke tsohon ka haɗa sabon. Wannan aikin rabin yini ne, a nan kaɗai za ka hana su zuba ruwa. Inda layi ya karya kwana ka gina cemba, ko ka haɗa gwiwar fayif biyu masu lanƙwasar digiri 45, ban yarda da 90 a ƙarƙashin ƙasa ba. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare gefensa kafin mutum ya shiga. Yadda ake yanka fayif da shafa gam kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, da ido kuke auna gangara. Igiya da ma'auni sun yi muku nauyi, amma waya ba ta barin hannunku. To, ta yi amfani ko sau ɗaya ne: ɗauki hoton bututun a kan yashinsa, da ruwan gwajin a ciki, ka tura wa mai gidan kafin ƙasa ta hau. Ranar gamawa da kuɗin da ya rage a rubuta, ya sa hannu, kuma kar ka yi masa alƙawarin ranar da ba ka bar wa kanka rarar kwana biyu ba, don ba ka san abin da diga za ta tono ba.

Gobe ka je ka faɗa masa haka, ka kuma ce mota ba za ta hau wurin ba sai an danne ƙasar kashi-kashi. In ya dage sai an rufe ramin kafin gwaji, tattara kayanka ka dawo, ni zan kira shi da kaina.