Tambaya da Amsa: Zan kai mahaifina Kwatarkwashi, in ɗauki ɗan jagora na kaina ko mu bi ayari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Gusau, amma asalina Bakano ne. Shekara 9 ke nan ina wuce dutsen Kwatarkwashi a mota duk sanda zan je gida, ban taɓa tsayawa ba. Mahaifina zai zo mana hutun ƙarshen shekara. Ya haura shekara 70, kuma tun muna yara yake ba mu labarin Waziri Ahmadu da ya yi shahada a can, yanzu ya ce lallai sai na kai shi ya gani da idonsa. Wani abokin aikina ya ce in jira makaranta ta shirya wa ɗalibai yawon buɗe ido mu bi su, wani kuma ya ce in sami mutum guda in biya shi ya zaga da mu mu kaɗai. Wanne ya fi? Nawa ake biya? Kuma yaya hanya? Mu biyar ne: ni da Baba da maiɗakina da yara biyu.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kawo shi lafiya.

Ka ɗauki naka. Na raka ayarin ɗalibai wurare irin wannan ba sau ɗaya ba, na san yadda ake ƙarewa: mota ta makara, yara sun watse kan dutse suna ɗaukar hoto, malami yana ta ƙirga kawuna, kafin a ce me an busa usur a koma. Dattijon da ya zo da tambaya a ransa ba zai sami wanda zai saurare shi ba, kuma dattawan gari ba sa buɗe baki a cikin hayaniya. Abin da kuɗinka zai saya maka shi ne lokaci da natsuwa, a tafi da saurin Baba, a tsaya inda ya ce a tsaya.

Sai dai maganar "mutum guda" ce ban yarda da ita ba. A garin dutse mutum biyu ake nema, mai ƙafa da mai baki. Mai ƙafa saurayi ne da ya tashi yana hawa, yawanci ɗan gidan maharba ko wanda ya yi kiwon awaki a gindin dutsen, ya san inda ake taka ƙafa, ya san kogon da ƙudan zuma suka kama. Mai baki kuwa dattijo ne, wataƙila rabonsa da hawa an yi shekara 20, amma ya ji daga kakansa. Da wuya ka sami duka biyun a jikin mutum ɗaya. Wanda ya ce maka shi kaɗai ya iya duka, ka ƙara bincike a kansa.

Hanyar samun su ɗaya ce, ta fada. Kwatarkwashi masarauta ce mai sarkinta, a cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma daga Gusau ba nisa, kan hanyar da ta nufi Tsafe da Funtuwa. Ka je kai kaɗai kamar mako guda kafin ranar, ka yi sallama a ƙofar fada, ka faɗi ko kai wane ne, inda kake aiki, da abin da ya kawo ka. Kada ka ɓoye cewa mahaifinka Bakano ne mai neman inda Wazirin Kano ya faɗi, wannan ma zai ƙara maka daraja a idonsu. Su za su ce a kira wane. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda fada ta ba ka ya san akwai inda za a kai ƙararsa in ya yi ba daidai ba. Marigayi Sarki Alhaji Ahmad Umar ya yi shekara 61 a kan gado kafin rasuwarsa a 2022, don haka a fadar nan akwai mutanen da suka daɗe suna zaune wuri ɗaya suna jin magana ɗaya ana maimaita ta. Irin wannan zaman shi ke adana tarihi.

Na taɓa yin gajen haƙuri na ɗauki wani yaro a bakin titi don ya raka ni da wasu baƙi biyu. Bakinsa da zaƙi, ƙafarsa da sauri. Muna tsakiyar hawa ya nuna mana wani fili a can ƙololuwa ya ce nan ne dawakin Kano suka yi karo da Nasara. Ɗaya daga cikin baƙin ya dube ni, na dubi ƙasa. Wane doki ne zai hau nan, balle a yi sukuwa? Da muka sauko na faɗa wa wani tsoho, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wanga yaro ko kakanai bai san zancen ga ba." Tun ranar na daina ɗaukar ɗan jagora a tasha.

Tunda abin da ya kawo Baba ke nan, bari in ɗan tsaya a kansa, don ka iya auna abin da za a gaya muku. Lokacin da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mayaƙa masu yawa. Suna kan hanyar dawowa labari ya iske su. Alu ya rabu da rundunar cikin dare, jama'a suka wayi gari ba sarki. Nan kai ya rabu. Wambai Abbas ya ja wasu suka nufi Kano don a sasanta, shi ne kuma Turawa suka naɗa sarki daga baya. Waziri Ahmadu, ɗan'uwan Alu, ya ƙi wannan shawara. A ƙarshen watan Fabrairun nan ya haɗu da wata ƙaramar rundunar Turawa a ƙasar Kwatarkwashi, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Wallace Wright. A nasu rubutun, Turawa sun ce sojansu ba su kai 50 ba, sun tsaya sahu huɗu sun ba juna baya, dawakin Kano suka yi ta kawo hari har wajen awa biyu bindiga tana zubar da su. A nan Waziri ya faɗi, shi ya sa har gobe Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Wright kuwa Ingila ta ba shi lambar yabon jarunta mafi girma da take bayarwa. Bayan kamar mako biyu da 'yan kwanaki, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ma ta faɗi. Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja, ya rasu a 1926.

Ka ga ke nan yaƙin a fili aka yi shi, a ƙasa, dutsen shaida ne kawai. Wannan albishir ne ga gwiwoyin Baba. Ranar da ka je fada ka roƙa a tambayi dattawa tun da wuri wane wuri suke nunawa, kuma ko ana iya zuwa can a halin da ake ciki. Idan ka ji bakin mutanen gari ya ɗan saɓa da na littafi, ko ma dattijo biyu sun saɓa wa juna, kada ka yi gardama, kada kuma ka bari malantarka ta motsa ka fara gyara. Ka rubuta duka. Sau da yawa abin da Bature bai gani ba yana cikin wannan saɓanin.

Amma garin ya girmi 1903 nesa ba kusa ba. Mutanen da suka fara zama a irin waɗannan duwatsu ba don sha'awar kallo suka hau ba. Dutse ganuwa ce da ba a gina ba: mahayi ba ya hawa, wanda ke sama yana hango ƙurar maƙiyi tun daga nesa, kwaruruka suna riƙe ruwan damina, koguna suna ɓoye mata da yara da hatsi. Ƙasar nan kuwa tana tsakanin Katsina da Zamfara, wurin da rundunoni da fatake suka yi ta ratsawa. Da hare-hare suka lafa sai zama ya karkata ƙasa, kusa da gona da kasuwa da hanya. Ka ce wa mai ƙafa ya nuna wa yara alamun zaman da, irin tsingaro da ramukan da niƙa ya cinye a jikin dutse. Su duba, su taɓa, amma kada kowa ya sa ko ɓallin tukunya a aljihu.

Sai maiki. Masana tsuntsaye sun daɗe da sanin dutsen Kwatarkwashi a matsayin wurin da a da wannan babban tsuntsu ke sheƙa a jikin gangaren da mutum ba ya kaiwa da sauƙi, kuma sunan garin ya tafi tare da bikin kamun maiki, inda samari ke hawa su kamo shi da rai don nuna jarunta. Bikin ya ja baya, tsuntsun ma ya yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma baki ɗaya, saboda guba da ake sa wa mushe da kuma masu farautar sassan jikinsa don magani. Kada ka yi wa yara alkawarin za su gan shi. Wajen tambayar bikin kuma a yi hattara da lafazi. Al'ada ce da ke haɗe da abubuwan da aka yi kafin Musulunci ya kafu sosai, wasu dattawa suna ba da labarinta da nishaɗi, wasu ba sa son a tayar. Ka ce, "Baba, yaya aka yi a zamanin kakanni?" Kada ka ce, "Ashe ku ne masu bautar dutse?" Na ji wani ɗan boko ya yi wannan tambayar, hira ta mutu nan take. Idan an ce wuri kaza ba a shiga, ko ba a ɗaukar hoto, a bar shi haka ba sai an nemi dalili ba.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Daga Nuwamba zuwa Janairu dutse a bushe yake kuma ba zafi, illa dai in hazo ya sauko ba za ku hango nesa ba. Da damina akwai santsi, da bazara kuwa dutsen kan yi zafin da ko ta cikin takalmi sai ka ji. Ku bar Gusau bayan gari ya waye sarai, ku fara da gaisuwa a fada, masu hawa su hau da hantsi su sauko kafin azahar. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, ruwa fiye da yadda kuke zato, kuma ranar a haƙura da turare saboda zuma. Maiɗakinka ta sa abin da ba zai harɗe mata ƙafa ba. Saukowa ta fi hawa wuya, nan ne ake faɗuwa, don haka yara su kasance tsakanin manya. Ba dole sai an kai ƙololuwa ba.

Baba kam kada ya hau, ko ya nace. A shimfiɗa masa tabarma a inuwa tare da mai baki, ka bar masa waya tana naɗar magana bayan ka nemi izinin dattijon. Tsoho da tsoho in suka haɗu, abin da za su faɗa wa juna ya fi wanda za a faɗa maka.

Batun kuɗi, ba wuri ne mai tebur da rasit ba, magana ce ta fahimtar juna. Da mai ƙafa ku yanke tun ranar farko, a gaban wanda ya haɗa ku: nawa ne, awa nawa, har ina za a kai, shi kaɗai ne ko da mataimaki. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ladan yinin ƙwararren ma'aikaci, kamar magini, a lokacin da ake ciki, in ƙara wani abu in ya kyauta. Ka ba da kaɗan a fara, sauran bayan an sauko. Dattijo kuwa ba a ciniki da shi, raini ne. Ana kai masa goro da alheri a cikin ambulan, a miƙa da hannu biyu lokacin sallama. Fadawan da suka yi maka iso su ma a ga hannunka. Ka riƙe canji ƙanana, don yaran gari za su bi ku, amma kada ka fara rabo sai za ku shiga mota.

Na bar maganar hanya a ƙarshe ne don ita ce ke iya rushe duk abin da na faɗa. Kai mazaunin Gusau ne, ba sai na gaya maka abin da 'yan bindiga suka yi a kan hanyar Tsafe da ƙauyukan da ke kewaye ba. Halin yakan canza cikin kwana ɗaya, shi ya sa labarin makon jiya ba ya amfani. A nan ma ɗan jagoran fada ya fi na tasha, domin shi yana kwana a garin, ya san abin da aka ji daren jiya. Ka kira shi da daddare, ka sake kira da safe kafin ka tayar da mota, ka kuma tambayi direbobin da suka shigo daga Funtuwa a safiyar. Ku tafi a mota ɗaya marar ɗaukar ido, kowa da katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro. Kada a sa a Facebook ko WhatsApp cewa gobe za mu Kwatarkwashi, hotuna su jira sai kun dawo gida. Kada a zaga bayan dutse ko a shiga daji don neman wani wuri sai mutanen gari sun ce babu komai, kuma la'asar ta same ku a Gusau.

Ka shirya wa Baba zuciya tun yanzu cewa ana iya ɗaga ranar, don haka kada ka sa ta a jajibirin komawarsa Kano, ka sa ta a farkon zuwansa yadda za a sami wata in ta farko ba ta yiwu ba. Idan kuma kun isa aka ce yau ba a hawa, ba a kuma fita bayan gari, ku zauna a ƙofar fada ku yi hirar a nan. Daga wurin ma dutsen yana kanku, Baba zai gan shi ya ƙoshi.